Mahaɗar Dogo

Rabona taku huɗu ne na katako,
faɗinsa bai wuce kamu biyu ba.
A ɗakin ƙarƙashin gidana a Plauen
na cinye hunturu biyu ina sassaƙa.

Na yi tudu da tsohuwar jarida da gam,
na rina dusar zarto ta zama ciyawa,
na murɗa wayar tagulla, itatuwa tara.
Ɗaya ya karkace, na ƙyale shi,
don na gaban tasharmu ma haka yake
tun ina yaro mai kai wa baba abinci.

Waltraud ta leƙo daga matakala:
"Shayinka ya huce sau uku, Ottmar.
Jirgin da ba ya zuwa ko'ina
ya fi ni samun hira."
Da gaskiyarta. Dogona ya tashi a bakin katako,
ya mutu a bakin katako.
Gaba rami, baya rami.

Dokar ƙungiya shafi ɗaya ce:
tsakiya taka ce, gina coci, haƙa tafki,
kiwata shanun roba in ka so,
amma baki na kowa ne.
Tsayi ɗaya, ramin noti biyu,
dogo a tsakiya, daidai wa daida.

Ran Asabar muka yi lodi
zuwa zauren wasannin makarantar gari,
mu talatin da ɗaya, kowa rungume da guntun duniyarsa.
Takardar jeri ta ajiye ni gefen Gisbert,
wanda rabonmu da gaisuwa shekara shida,
kan wani kan jirgi da ya ara
ya maido min ba bututun hayaƙi.

Muka ɗaure noti, ba mai kallon wani.
Aka sako jirgi daga ƙuryar zaure,
ya ratsa gonar wani, ya huda dutsen wata,
ya hau gadar Gisbert yana taƙama,
ya taka bakin nawa, sai ƙaras!
Tarago uku suka kwanta cikin ciyawata.

Zaure ya yi tsit.
Na durƙusa, gwiwa na ƙara,
na shafa mahaɗar da ɗan yatsa:
nawa ya gaza nasa da kaurin farce.
Laimar ɗakina ce ta sha katakon.
Laifi tudu ne, yau ga ni a kan nawa.

Gisbert bai ce uffan ba.
Ya laluba aljihu, ya zaro tikitin bas,
ya ninka biyu, ya gwada, ya ƙara ninki,
ya nufi ƙafar teburina.
"Ɗaga kaɗan," in ji shi. Na ɗaga.
Kalma biyu, bayan shekara shida.

Jirgi ya sake tahowa.
Na riƙe numfashi.
Ƙit, ƙit, ya haye,
ya gifta ta gaban itacen nan karkatacce,
ya fice daga taku huɗuna
ya shiga ƙasar da ban gina ba.

Da yamma muka kwance noti.
Tikitin na cikin aljihuna.
Zancen bututu kuwa,
bai ɗauko ba, ban tayar ba.