Kwatance Ga Sabon Likita

Ka ce in kwatanta maka hanya.
To, wane wata za ka taso?
Garinmu hanya biyu gare shi,
ɗaya ta rani, ɗaya ta ruwa.

A tashar Maraɗi ka nemi motar Ɗan Isa,
wadda igiya ke riƙe da ƙofarta.
Kar ka zauna baya, nan ake ɗaure awaki.
Kwalta za ta raka ka har tsamiya mai rassa uku,
can ta sallame ka,
ta miƙa ka ga jar hanya
mai haƙarƙarin saniyar da ta sha yunwa.

'Yan kabu-kabu na kwance gindin gawo.
Ka tambayi Mantau. Jikka zai ce,
ka ba shi dala ɗari, ka ambace ni.
Sunansa ke nan, amma bashin gerona bai kai ga mantuwa.

In rani ne, gulbi yashi ne kawai.
Amalanken Nomau na ratsa cikinsa da buhunan zogale,
mata na tono da sakaina, kamu biyu sai danshi,
yara na buga ƙwallo
daidai inda bara ya ci raƙumi da kayan kanwa.

In damina ce, ka tsaya.
Ko sama na fes, kar ka yarda.
Ruwan da aka yi wajen Katsina shekaranjiya
yana tafe da dare, ja wur,
da kututture, da takalmin wani.
Ba ya gaida duwan, ba shi da takarda,
ya shigo daga kudu, ya lanƙwashe kamar lauje, ya koma,
ba mai tambayarsa dalilin zuwa.

Jirgin Illo ɗaya ne: mutum takwas da babur guda.
Gada kuwa, sau uku ana auna ta.
Turakun na nan, muna ɗaure jakuna.

Ran da gulbi ya taɓa saiwar kanya
matata ta fara naƙuda.
Asibiti na tsallake, muna hangen fitilarsa.
Illo ya dubi ruwa ya ce a jira asuba.
Muka jira.
Yarinyar ta rayu.
Mun sa mata sunan uwarta, Kuluwa.

Don haka, likita, ka zo tun gawo bai zubar da ganye ba.
Ka zo da akwatinka, ka kwana wannan gefe.
Mun yaɓe ɗakin, mun sa ƙofar langa-langa.
In ka ga giginya biyu da hasumiyar laka,
da 'yar shekara huɗu tana korar agwagi,
ka iso.
Kar ka tambaye ni hanyar komawa.