Tururuwa a Bakin Ƙoƙo

Ni ce Tumba, ungozomar Raha.
Rabin masu dakon shinkafa a kasuwar Bunza
ni na yanke musu cibi,
ko da sun wuce ba su gaishe ni ba.

Uwata ta bar mini aska da ƙoƙo.
Ta ce, in mace ta sauka, tatso nonon farko,
mai kaurin nan, ruwan ƙwaiduwa,
ki jefa tururuwa ciki.
In ta fito da ƙafarta, a ba yaro.
In ta nutse, akwai dafi,
a nemo na akuya, a wanko allo,
ko kwana uku ne, ɗa bai kama uwa ba.

Tururuwa nawa na nutsar?
Waɗanda aka naɗe a ƙyalle
aka yi bayan gari da su kafin suna,
mun ce kwana ne ya ƙare.
Ba wanda ya tuhumi ƙoƙo, ni ma ban yi ba.

Shekarar da gulbi ya cinye fadama
Malama Hure ta sauka daga bayan babur,
ta rataya sikeli a reshen dogon yaro,
ta ce dakashi shi ne rigakafin fari,
ta ce wata shida, nono zalla, ko ɗigon ruwa.
Muka sa shewa. A Raha? Da bazara,
sa'ad da ƙadangare ke haki a inuwa?
Na ce, 'yar nan, ko ɗan akuya ana kai shi gulbi.
Ta ce, Inna, ɗan kwana bakwai?
Na gyara ɗankwali, ban tanka ba.

Ta yi ta zuwa, Talata bayan Talata.
Rediyon Nomau mai shayi ya ɗauki zancen,
liman ma ya taɓa shi a wajen wani suna.
Mu kuwa a ɗaka, uwa na juya baya
mu ɗiga wa jariri ruwan randa da yatsa.
Tausayi muke, wallahi, ba ƙeta ba.

Luba, matar jikana Arzika,
ita ta fara juya mini ƙeya.
Ta haihu ana tsakar zafi,
ta ɗora shi a ƙirji tun da danshinsa.
Na miƙa ƙoƙo, ta ce, Inna, yi haƙuri.
In na kawo ruwa ta karɓa ta shanye,
ta ce zai iske shi ta can.
Kowane dare ina laluben maɗigarsa,
ina jiran ta faɗa, ina jiran zawo,
in samu bakin cewa ai na faɗa.
Wata shida cur, maɗiga ba ta faɗa ba,
ni ma ban faɗa ba.

Ga shi can, Gado, ɗan aji huɗu,
ya gama da mangwaron maƙwabta.

Kada a ce na ce an gama.
Akwai mai fita yankan shinkafa tun asuba,
ta bar goyo ga 'yar shekara bakwai da kofin koko.
Akwai wadda tukunyarta ta kwana a kife,
da me za ta cika ƙirji?
A kanti ga gwangwani, da hoton yaro mai kumatu.
Har gobe igiyar awo kan tsaya a kan ja.
Sai dai Manu mai haƙa ya ce mini,
gajerun ramukan nan da yake yi da rani,
bana bai haƙa ko rabin na da ba.

Gwiwa ta raba Malama Hure da babur.
Yanzu ni ke zama gindin dogon yaron ran Talata,
ina ce wa 'yan haihuwar fari,
ba shi, ba shi tun ba a yi masa wanka ba.

Ƙoƙon kuwa, gero nake ɗibar wa kaji da shi.
Jiya wata tururuwa ta hau bakinsa,
ta leƙa ciki, ta daɗe tana leƙe,
ta sauka ta kama hanyarta.
Ina kallonta, ban taɓa ta ba.