Ƙaho Mai Lotsa

Shekara talatin da ɗaya ina busa turampet
a titunan New Orleans,
bayan gawa, gaban amarya,
har leɓena na sama ya yi kanta kamar tafin maƙeri.
Bara ya tsage. Likita ya yi ɗinki huɗu,
ya ce, "Ambrose, ka daina hawa sama."

Sai na gangara shagon Madam Eulalie
ran wata Talata, ana yayyafi,
Misisipi ya cika ya batse, launin shayi da madara.
Ta dube ni ta saman tabarau.
"Fulugal kake nema," in ji ta.
"Duk wanda ya gaji da ihu nan yake ƙarewa."

Ta jera mini uku a kan jan ƙyalle.

Na farko sabo fil, daga Japan,
yana sheƙi har na hango furfurata a jikinsa.
Maɓallansa uku suna sauka sumul.
Na busa. Kowane sauti ya faɗa gurbinsa
kamar ɗalibin da ya haddace darasi
bai san abin da ake nufi ba.
Na ajiye.

Na biyu an shafe shi da azurfa,
baki wangame, ciki mai faɗi.
Na ba shi numfashi, ya ce ƙaro,
na ƙara, ya ce saura.
Muryarsa ta tsohon turampet ɗina ce
ta ari kwat ɗin wani don a ce ta girma.
Madam ta ce, "Wannan na samari ne,
masu huhu biyu da rabi."

Na uku ba ta ce komai a kansa ba.
Ɗan Faransa ne, ya girme ni,
fentinsa ya ɓare, jan ƙarfen ya yi duhu
inda hannun wani ya daɗe yana riƙo.
A gefen baki akwai lotsa, girman babban yatsa.
Maɓalli na uku yana ɗan cijewa.
Mabusin da na zo da shi ya ƙi shiga,
ta ja aljihun tebur, ta laluba cikin tarkace,
ta miƙo mini wani mai zurfi kamar mazurari.

Na ɗora a leɓe, daidai kan tabon.
Ban tura ba. Hurawa kawai na yi,
yadda ake hura miya a cokali don yaro.

Sautin ya fito ƙasa-ƙasa, da ɗumi,
da ɗan hayaƙi a gefensa,
irin muryar da Lucille ke kirana da ita
daga kicin in dare ya raba,
ba ta so jikanmu ya farka.

Da na ɗan haura, sai ya zame,
na tare shi da leɓe.
"Aibinsa ke nan," in ji Madam.
"Ba ya tsayawa daidai sai an lallashe shi.
Mutum uku sun saya sun dawo da shi."
Na ce, wa ya yi masa lotsar?
"Ƙofar bas, a Memphis, in ji mai shi na farko.
Dala arba'in, in buge maka ita."
Na ce a bar masa abinsa.
Ta ce dubu, na ce ɗari bakwai,
muka tsaya a takwas, da gyaran kwalbar man maɓalli.

Daren Juma'a a kulob ɗin Leander
mai ganga ya ajiye sanduna ya ɗauki burushi,
mai piyano ya sassauta hannu.
Na ja baya daga makirfo taku ɗaya.
Da, in na busa, kwalabe kan yi rawa a kan kanta.
Yau wata mata a teburin ƙarshe
ta ɗora yatsa a bakin mijinta,
ta jawo kujerarta gaba.

Raɓar numfashina ta taru a gwiwar ƙahon.
Na buɗe 'yar ƙofar, na zubar a kan katako,
Leander ya harare ni kamar kullum,
muka shiga waƙa ta biyu.