Awon Furen Gulma

Kulu ta tsinko biyu a bakin fadama,
dangi ɗaya, launi ɗaya,
ta buɗe su da farce.

Wannan, tsinken tsakiyarsa ya miƙe,
garinsa na ƙasa a ɓoye.
Wancan ya ɗaga gari kamar mai talla,
tsinkensa a durƙushe.

Wa ya yi musu rabon nan?

Ƙudan zuma ya amsa ba da baki ba:
nan ya fito da gari a goshi,
can cikinsa ya yi rawaya.
Kowane gari sai a gidan maƙwabci
yake tarar da tsinke tsaransa.

Damina nawa aka yi ana gyara awon?
Kulu ba ta ƙirga ba.
Tsuntsaye sun sauka a shinkafarta.