Tsohuwar Kotun Tarija

A nan aka ci kakan Fermín tara
kan akuyarsa da ta shiga gonar inabi.
Yau jikan ne ke kwakkwance kujerar alƙali,
ƙusa a baki, yana auna katakon dandamali.

Akwatin shaida ya koma wurin yankan tikiti.
Eulalia, mai shara tun zamanin shari'a,
ta ce, "Da, ka yi ƙarya a ɗakin nan, ka kwana kurkuku.
Yanzu har tafi ake mata."

Rufin ya wuni shan rana, da dare ya biya da haske.
Indararo na cika tanki.

Daren farko manoma suka gangaro daga tsaunuka,
masara ce kuɗin shigarsu.
Aka ja labule,
sai ga akuya.