Maganin Mako Ɗaya

Kowace Talata nakan gangara gindin tudu,
ruwan Sheffield na bi na kamar mai bin bashi,
ba ya tsananta, ba ya ɗaukewa.
Mai kantin magani ta san fuskata.
Ba ta ba ni na wata, sai na mako.
Ta ƙirga a gabana, ta ɗaure leda,
ta ce sai wata Talatar.

Da fari na ji zafi.
Ni da na shekara goma sha ɗaya a kan sitiyari,
daga nan har Glasgow, ko kwali bai taɓa ɓata a hannuna ba,
yau ni ake aunawa kamar gishirin bashi?

Amma akwai wata takarda a asibiti
da ke riƙe da wani daren Nuwamba,
daren da na zauna shari'a da kaina:
ni ne alƙali, ni ne mai laifi,
kwalba ce kaɗai shaida.
Maƙwabci ya ɓalle ƙofa.
Na farka ban gode masa ba.

Likita Prendergast ba ta kewaye-kewaye.
Ta ajiye biro, ta ce:
"Har yanzu kana tunanin kashe kanka?"
A inda na fito ba a furta wannan,
sai a ce wane ba ya jin daɗi.
Na dubi takalmina. Na ce, wani lokaci.
Rufin ɗaki bai faɗo ba.
Ranar wanka, ai ba a ɓoyon cibi.

Ta ce kar in yanke sha dare ɗaya ni kaɗai,
jiki zai yi tawaye.
Kwana tara a gadonsu,
hannuna na rawa kamar mazari,
shayi rabi a baki, rabi a bargo.
Ta ce giya murfi ce,
in an ɗauke, abin da ke tukunya zai taso,
don haka ciwo biyu za a yi jinya tare,
ba a cewa ɗaya ya jira a waje.

Muka rubuta kati, yana aljihun ƙirjina:
abin da ke fara zuwa kafin duhu,
inda zan je, lamba uku da zan kira.
Ta uku ta Ɗanlami ce, mai tasi,
wanda na shekara ina tauna kanumfari
kafin in tsaya kusa da shi a sahu.
Da na faɗa masa, sai ya kashe mota.
Ya ce, "Sagiru, mun daɗe da sani.
Kunyar da ta kulle bakinka ita ta kulle namu."

A watan Maris na zame.
Ƙarfe biyun dare na laluba katin,
yatsa na kuskure lamba.
Ya zo da silifa, cikin sanyin nan,
bai yi mini wa'azi ba, ya dafa ruwa.
Da safe muka koma wurin likita,
aka fara ƙirga daga ɗaya.

Yau sittin da uku.
Ban ce na warke ba.
Akwai shagon da har yanzu nake tsallaka titi saboda shi.
Amma ledar na hannuna, ruwa na ɗiga a kanta,
kuma akwai wadda za ta duba ƙofa ranar Talata
ta ga ko na shigo.