Awon Yarda

Shekara tara ina auna yarda a Leeds,
daga ɗaya zuwa biyar,
kamar mai awon gero da tiya.
Na gabanmu da tambaya guda suka fara:
"Yawancin mutane, abin yarda ne?"
Mu muka ƙaro ambulan mai fam goma,
muka riƙa yar da walat a tashar bas
muna jiran wa zai bugo waya.

Ran Talata na raba wa ɗalibai ambulan.
Rhiannon ta miƙa nata duka ga wanda ba ta sani ba.
Declan ya danne nasa da tafi, ya ce,
"Malama, an taɓa cin amanata."
Na rasa gurbin wannan a jadawalina.

Da yamma, hanyar Otley, ana yayyafi,
ga teburin ƙwai a bakin wata gona,
ba mai tsaro, sai gwangwani mai tsaga a murfi.
Na ɗauki shida.
Na laluba aljihu: kati kawai, ko sisi babu.

Na yi tsaye, tumaki suna kallona.
Sai na yagi gefen takardar tambayoyi,
na rubuta, "Zan dawo Alhamis,"
na cusa a gwangwanin.

Ko maki nawa mai gonar za ta ba ni?